Luguden da Inna Usaina ta amsa

Wallahi 'yan'uwa abin nan a gabana ya faru, bara waccan a gidanmu na Badarawa, kuma har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Yayana Sadiku karatun taurari yake yi a ƙasar waje, ya zo gida bayan rasuwar Ummanmu. Wata tauraruwa yake bincike, mai rauni ƙwarai, ba a ganinta sai da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, tana haskawa tana ɗaukewa. Ya ce an duba ta da madubin hangen nesa, an duba da na'urar rediyo, har yanzu ba a gane ko wace iri ce ba, shi dai yana zaton biyu ne, ɗaya na jan ɗaya.

Da ya nuna mana zanen bugun hasken a kwamfuta, ni da karambani na ce, "Yaya, mu dai zane kawai muke gani."

Ya ce, "Baƙauya kawai, to saurara." Ya mayar da bugun hasken sauti a kwamfuta, da hantsi fa, a tsakar gida. Dum, shiru, dum, sannan ƙwas, kamar an buga taɓarya a bakin turmi.

Inna Usaina, wadda suke tagwaye da Umma, tun ranar jana'iza sai an kama ta take tashi, amma sai ga ta ta fito da ƙafarta. Ta jawo turmi, ko ƙwayar gero babu a ciki, ta fara sauke taɓarya daidai inda shirun yake.

Na ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce, "Hassana ce. Ita kaɗai ke wannan ƙwas ɗin in muna lugude. Ai ba a barin 'yar'uwa tana daka ita kaɗai."

Innalillahi! Yaya ya rufe kwamfutar, Inna ba ta tsaya ba, sai da na rungume ta ina kuka, ina cewa in ta bi Umma wa za ta bar mana.

Bayan ya koma Yaya ya kira ni, muryarsa wani iri, wai sabon awo ya nuna wani ɗan bugu na biyu a cikin shirun, kuma malamansa sun ce da ma hakan na faruwa. Ni dai ban san wannan ba. Inna tana nan da ranta, alhamdu lillahi, amma na kai wa maƙwabta turmin, don wani lokacin takan karkata kunne sama, hannayenta biyu a dunƙule suna hawa suna sauka.

Don Allah in kuna da wanda zafin rashi bai sake shi ba, ku kula da abin da kuke kunnawa a gabansa. Ku sa mana Inna a addu'a, Allah ya bar mana ita.