Shafin Tsakiya a Littafin Alhaji Lawali

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labarin ya same ni da hantsi a kasuwar dabbobi ta Tasawa, ina riƙe da igiyar ragon suna, bakina ya ƙi rufuwa. Kwana biyar ke nan ina dariya ni kaɗai, tun ranar da ɗiyata Rabi ta haifi ɗa namiji bayan shekara tara muna jira. Sai waya ta yi ƙara. Hajiya Indo ce, matar aminina.

Ta ce, "Malam Illa, sai haƙuri. Alhaji ya cika bayan sallar asuba."

Na ce, "Hajiya, ai jibi ne sunan. Shi ya ce zai yanka ragon."

Ta ce, "To, sai ka nemi wani."

Na tsaya a tsakiyar kasuwa hawaye na zuba, murmushin kwana biyar kuma bai gama sauka daga fuskata ba. Dillali ya dube ni ya ce bai taɓa ganin mutum yana kuka da dariya a kan rago ɗaya ba. Na ce masa, ba ka san marigayin ba ne. Shi ma haka ya yi zamansa na duniya, kuma wanda zai tuna da shi da fuska ɗaya bai yi masa adalci ba.

Mun haɗu da Alhaji Lawali a ajin yaƙi da jahilci na garinmu, a ƙasar Hawandawaki, dukanmu mun haye arba'in. Bayan la'asar muke zama a kan bencin yaran lakwal, wato makarantar boko, gwiwoyinmu na taɓa haɓa. Ni na shiga ne don in riƙa karanta takardar magani. Shi kuwa tun ranar farko ya gaya wa malaminmu cewa takarar kwansaye zai tsaya, wato wakilin gari a majalisar ƙaramar hukuma, kuma an ce masa kunya ce wakili ya dangwala yatsa. Ya yi karatun allo tun yana yaro, hannunsa ya faɗa da ajami, boko ne kawai ya rage masa. A ajin nan aka raba mana kaye, littafin rubutu mai baƙin bango. Nawa ya cika cikin wata uku. Nasa ya raka shi har kabari ya rage taki ɗaya.

Waɗanda suka girma a nan sun tuna shekarun da maganar dokar zubar da ciki ta cika rediyo. Doka ta yarje wa likita ya cire ciki idan ran uwa na cikin haɗari. Wasu suna so a faɗaɗa ta, wasu suna so a soke ta ɗungum. Malamai na wa'azi a masallatai, ƙungiyoyin mata da ma'aikatan lafiya na kiran taron bita a Maraɗi, wanda ake ce wa atalye. Ƴan siyasa kuwa kowa ya tsaya yana duban inda jama'a suka fi yawa. Alhaji bai tsaya duba ba. Duka biyun ya riƙa zuwa.

Ga yadda ya tsara aikinsa. In ka buɗe littafin nan daga hagu, jawabi ne da boko, na ƴan atalye, cike da tausayin mata da kiran a bar likita ya yi aikinsa. In ka juya shi ka buɗe daga dama, jawabi ne da ajami, na ƙofar masallaci, wanda ko dutse ya ji sai ya tsorata. A jakarsa akwai tabarau na zuwa Maraɗi, akwai rawani da carbi mai dubu na ranar Juma'a. Kowane zaɓe yana ƙara wa jawaban shafi, ɗaya na tahowa daga nan, ɗaya daga can, kamar manoma biyu da suka kama gona ɗaya daga iyaka biyu.

Na sha yi masa faɗa. Na ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah, ka tsaya wuri ɗaya."

Sai ya ce, "Illa, ni ban taɓa canza ra'ayi ba. Masu saurare ne ke canzawa."

Wata rana kuma ya ce mini, "Allah ya san abin da ke zuciyata. Mutanen Hawandawaki ne ba su sani ba, kuma su ke jefa ƙuri'a."

Limaminmu, Malam Shu'aibu, dattijo ne mai sanyin hali, ya san komai bai taɓa tona shi ba. In Alhaji ya miƙe zai yi jawabi, iyaka ya ce, "Alhaji, ka duba da kyau, ta dama za ka buɗe." Abokin takararsa ma ba a bar shi a baya ba. Mutumin da bara yake raba takardu a atalye, bana ya ajiye gemu. Alhaji ya dube shi ya ce, "Wannan gemun bai kai kwana casa'in ba. Rawanina ya ga zaɓe uku."

A zaɓen da nake son ba da labarinsa, Alhaji ya auna ya ga ƙuri'a ta koma masallaci. Ya ajiye tabarau. Ya sa aka naɗi jawabin ajami a kaset, aka ɗaura amsa-kuwwa a kan tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya. Makunnin na'urar ya lalace, makanike ya rasa irinsa, sai ya haɗa wayar kai tsaye da makullin mota. Wato in mota ta tashi, Alhaji ya fara wa'azi. In kana so Alhaji ya yi shiru, sai ka kashe mota. Motar kuma in ta mutu, sai an sami ƙarti shida sun tura.

Saura kwana huɗu zaɓe, Rabi ta faɗi a bakin murhu. Cikinta na fari ne, wata huɗu, mijinta Sale yana can arewa wurin haƙar zinariya. Jini ya ƙi tsayawa, jikinta kamar garwashi. Ma'aikaciyar ɗakin shan maganin garinmu ta duba ta, ta fito ta ce, "Baba, Tasawa, yanzu. Kada ku tsaya sallama da kowa." Motar ɗaukar marasa lafiya ta fita da wani. A duk garin mota ɗaya ta rage, tana ƙofar gidan Alhaji, an wanke ta, za shi babban taro a ƙofar Liman inda aka dafa shinkafa aka shimfiɗa tabarmi.

Na same shi yana gyara rawani a madubin mota. Ban gama magana ba ya warware rawanin, ya naɗe shi ya yi matashi, ya ce a ɗauko ta. Matata Hassu ta hau baya ta rungume Rabi. Aka tura, mota ta tashi, sai muryar Alhaji ta fashe a kanmu:

"Jama'ar Musulmi! Duk wanda ya taɓa cikin mace, likita ne ko uban likita, ba ya tare da mu!"

Hassu ta buga rufin mota. "Alhaji, don girman Allah ka kashe wannan abin!"

Ya leƙo ta taga ya ce, "Hassu, in na kashe shi na kashe ɗiyarki. Ki toshe kunne."

Haka muka bi hanyar yashi, ƙauye bayan ƙauye, mata na fitowa daga gona suna kallo. Wajen wani kwari mota ta nutse cikin yashi. Kafin mu sauka, maza sun fito daga ƙarƙashin gawo a guje, sun ji wa'azi, suna ta "Sai Alhaji! Gaskiya ka faɗa!" Suka sa kafaɗa suka fid da mu. Alhaji kuwa, saboda sabo, ya fid da hannu ya ɗaga musu. Na ce, "Alhaji, ko kunya?" Ya ce, "Illa, turi nake nema, ba fatawa ba." A nan ne Rabi ta buɗe ido, da muryar da ba ta fi ta sauro ba, ta ce, "Baba Lawali, ka yi shiru mana." Ya ce, "Ɗiyata, wallahi bakina a rufe yake." Na juya na ga hawaye a gemunsa.

Muka shiga harabar asibitin Tasawa daidai inda kaset ya kai ga la'antar likitoci. Majinyata suka ɗaga kai, masu gadi suka taso. Babbar ungozoma, Madam Fati, wadda ta sha tafa wa Alhaji a Maraɗi, ta fito ta riƙe ƙugu.

Ta ce, "Alhaji Lawali, wanne ne ya zo cikinku? Na atalye ko na kan mota?"

Ya ce, "Madam, direba ne ya zo. Ki duba bayan motar."

Suna shiga da Rabi, Alhaji ya hau rufin motar, mutum mai shekara kusan sittin da babbar riga, ya fizge wayar amsa-kuwwa da hannunsa.

Likita ya kira ni. Ya ce abin da ke cikin ba zai rayu ba ko an bar shi, in kuma ba a cire shi yau ba, uwar ba za ta ga gobe ba. Ya miƙo takarda in sa hannu tun da mijinta ba ya nan. Ban taɓa jin nauyin alƙalami irin na ranar ba. Jikana ne ake magana a kai, kuma ɗiyata ce. Na dubi Alhaji. Ya ce, "Kada ka dube ni, Illa. Ni ɗan siyasa ne. Wannan ba tambayar da ake yi wa irina ba ce. Kira Liman." Shi ya danna lambar da kansa, alhali ya san Liman na zaune gaban taron da ke jiransa, kuma ya san Liman ba ya jin waya sai an buɗe murya kowa ya ji.

Na yi bayani. Malam Shu'aibu ya ce, "Malam Illa, in likita amintacce ya tabbatar da haka, a ceci uwar. Malamai sun faɗi wannan tun kafin a haifi rediyo. Sa hannu, Allah ya ba ta lafiya." Sannan ya ƙara, "Ka gaya wa Alhaji shinkafarsa ta huce."

Na sa hannu. Aka nemi shaida, Alhaji ya rubuta cikakken sunansa da boko, harafi bayan harafi, kamar yadda aka koya mana. Aka nemi jini, ya naɗe hannun riga.

Kafin magariba labari ya riga mu komawa gida. Abokin takararsa ya zagaya kowane ƙauye yana cewa ga mai wa'azi can ya kai mace a cire mata ciki da motar wa'azinsa. Alhaji ya faɗi zaɓe. Na tafi gidansa in ba shi haƙuri, na same shi yana cin gyaɗa a zaure. Na ce, "Ni na jawo maka." Ya ce, "Bari, Illa. Abin da ya fi ƙona mini rai, Rabin ma ba ta zaɓe ni ba. Tana kwance."

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Da wani zaɓen ya zagayo, ya sake fito da tabarau da rawani duka biyu. Amma na taɓa gaya masa cewa akwai matan da suka ji kaset ɗin nan suka ji tsoron zuwa asibiti, kuma ba kowace ke da uba mai aboki da mota ba. Ranar bai ba ni amsa da raha ba. Tun daga lokacin ba a sake ɗaura amsa-kuwwa a kan motarsa ba, motar kuma ta zama ta masu naƙuda, ko isansi, wato man mota, ba ya bari a zuba masa. Da aka jingine zaɓe a ƙasar nan, ya ce mini shi yanzu ya rasa wanda zai yi wa alkawari, sai dai ya riƙa cikawa.

Bayan mun dawo daga maƙabarta, Hajiya Indo ta aiko a kira ni. Ta miƙo mini littafin nan mai baƙin bango ta ce, "Ya ce in ya riga ka, a ba ka. Wai kai kaɗai ka iya karanta shi ta kowane gefe ba ka zage shi ba." Na ce, "Hajiya, na zage shi, bai dai gaya miki ba."

Na buɗe ta hagu na bi boko har ya ƙare. Na juya na bi ajami har ya ƙare. Jawaban biyu sun taho sun kusa haɗuwa, shafi ɗaya tak ya rage a tsakaninsu. A shafin nan layi biyu ne, ɗaya da boko daga hagu, ɗaya da ajami daga dama, kuma abu ɗaya suka faɗa: "Rabi ta tashi. Alhamdu lillahi."

Ranar suna Malam Shu'aibu ne ya yanka ragon. Sale ya raɗa masa sunan, aka sanar: Muhammadu Lawali. Hassu ta ɗaga jaririn ta ce, "Allah ya raya mana kai, amma littafinka ta gefe ɗaya za ka riƙa buɗe shi." Mata suka yi ta dariya suna share hawaye, har da Hajiya Indo da aka kai wa shi ta gani a ɗakin takaba.

Ya Allah, ga bawanka Lawali ya zo gare ka ba tabarau, ba rawani. Ka san abin da ya faɗa don ƙuri'a, ka san abin da ya yi don kai. Ka yafe masa na farko, ka karɓi na biyu, ka buɗe littafinsa ta tsakiya. Ka yalwata kabarinsa, ka sa shi a inuwar rahamarka. Ka ba Hajiya Indo da ƴaƴansa da jikokinsa haƙurin rashinsa, ka tsare musu mutuncinsu. Ka sauƙaƙa wa duk macen da ke kan hanyar asibiti a yau. Ka raya takwaransa a kan gaskiya, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.