Kukun da Ke Hana Shuka Ruwa

A kan ruwan wanke-wanke muka taɓa yin faɗa da Kuku, mijin ƙanwata marigayiya. Na ɗauko baho zan watsa a lungun bayan ɗakinsa, inda ya jera gwangwanayen fenti da tsofaffin tayoyi cike da shuka, sai ya tare ni da sanda.

"Yaya, kada ki soma!"

"Taimakonka zan yi. Dubi ƙasar, ta tsage kamar diddigenka."

"Haka itacen nan yake so."

"Shi ya gaya maka? Marowacin banza, har ruwan datti sai ka yi ƙwauronsa?"

Wata biyu ba mu gaisa ba, ga ƙofa tana kallon ƙofa.

Shekara talatin da ɗaya Kuku ya yi a gidan abincin wani mutumin Italiya. Da wankin tukwane ya fara, har ya kai babu miyar da ke fita sai ta bi ta harshensa. Da mai gidan ya tsufa ya koma ƙasarsu, aka sayar da murhu da kujeru, har da wuƙar da Kuku ya yi ta wasawa har ta sirance kamar tsinke. Abin da ba a samu mai saye ba, wani ɗan itace ne a bakin taga, mai ganye kamar allurai, wai shi rozmari. Shi ya rungumo a cinya cikin motar haya.

Daga baya ya ƙara ɗoɗɗoya irin ta Turawa mai faɗin ganye, da tayim, da origano mai rarrafe, duk ganyayen ƙamshin miya. Kowanne ya san halinsa. Ɗoɗɗoya mashayiyar ruwa ce, kuma sai an riƙa tsinke mata kai kafin ta yi fure, in ba haka ba ta yi ɗaci. Rozmari kuwa ƙasarsa rabi yashi ce, gindin gwangwanin duk huji. Kuku yakan cusa yatsa har gaɓa biyu, in ya ji danshi ya juya da butarsa.

Babu mai cin abin sai shi. Matan gidan cewa suke miyarsa warin magani take. 'Ya'ya uku ya binne, sannan uwarsu, don haka babu mai jiran gado. Amma kowace safiya sai ya murza ganyen ya kai hanci, ƙusumbinsa ya miƙe, kamar yanzu za a kira shi daga kicin. Ya taɓa ce min, "Yaya, in wannan ya mutu, wa zai yarda na taɓa zama wani abu?"

Na ce, "Ko yana raye ba wanda ya yarda."

Da rani ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Sati biyar yana asibiti. Ni kuwa na ce bari in nuna masa yadda ake riƙon amana. Safe da yamma ina kwarara wa shukar ruwa kamar alayyafo. Ɗoɗɗoya ta yi shar, ita ta yaudare ni. Rozmari ya fara baƙi daga gindi, na ce ƙishi ne, na ƙara. Garin gyaran gira na tsone ido.

Da aka dawo da shi, maganar farko da aka gane daga bakinsa ita ce in karyo masa reshen rozmari. Na karyo. Ya murza da hannun da ke motsi, ganyen ya zube a bargo kamar gashin mai jinya.

"Sau nawa?"

"Safe da yamma."

Na so ya zage ni. Bai zaga ba, ya dai juya fuska bango, hawaye na bin gefen da ya mutu. Can ya ce in duba can sama ko akwai sauran kore. Akwai, tsawon ɗan yatsa. Ya ce in yanke, in zage ganyen ƙasa, in soka a yashi a inuwa, in jiƙa sau ɗaya in kau da kai.

Kau da kan ne wuya. Kullum na wuce da buta hannuna ƙaiƙayi yake.

Ranar da ya cika, da hantsi, yana da kwana biyu bai ci abinci ba, ido kawai ke bin mai shigowa. Na san abin da yake tambaya. Na je lungun na duba, na cusa yatsa har gaɓa biyu, na dawo na sunkuya a kunnensa mai ji.

"Kwana tara ke nan ban ba shi ko ɗigo ba, azzalumi. Yana nan tsaye, bai mutu ba."