Lakar Zanzaro a Salansa

Yau na ga zanzaro yana gini a zaure, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Ba ya kwance inji sai ya saurare shi.

Ranar da kububuwa ta sari ƙanena a gona, tsohon babur ɗin da Baturen gyaɗa ya bar mana ya ƙi tashi. Na goge fulogi, wuta lafiya lau, ina ta bugawa ina zagi. Kawu ya tsuguna, ya kara kunne a salansar babur ɗin.

"Kai, sarkin gaggawa, numfashi ya rasa."

Ya zura kara, busasshiyar lakar zanzaro ta zubo. Bugu ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe. Da ransa muka kai ƙanena asibitin Ɗanbatta. Yanzu 'ya'yansa huɗu.

Allah Ya yalwata maka kabari, Kawu.