Sassaƙen da Ban Yanko Ba

Korona ta kama ni ina da cikin wata takwas, a gidanmu na Cheras, can ƙasar waje inda maigidana ke karatu, hawa na goma sha huɗu. Zazzaɓin bai wahalar da ni ba, kwana biyar na miƙe. Hancina ta tafi da shi. Na haifi 'yata, aka yi suna ta waya, ta kai wata huɗu a duniya ban san ƙamshinta ba. Kowa ya ɗauki jariri sai ya kai hanci wuyansa, ni kuwa in na kai nawa kamar na shinshina bango. Abin nan ya ci mini rai, wallahi. A banɗaki nake kukana don kada maigidan ya ce na cika raki.

Shi kam gaba ta kai shi gobarar Titi. Mutumin da nake kora baranda ya cire safa, sai ga shi yana cire ta a tsakiyar falo yana kallona yana murmushi. Sau biyu ina ƙona miya ina tsaye a kanta.

Umma ba ta samu zuwa jego ba saboda an rufe iyakoki, don haka daga Kano take yi mini shi ta waya. Tafarnuwa, kanumfari, citta, habbatussauda, babu wanda ban shaƙa ba. Da aka sassauta kulle, maigidan ya ce rubutun digirinsa zai haukata shi, mu tafi wani dajin gwamnati da ke kan duwatsu a bayan gari mu ga tsofaffin itatuwa. Umma na jin haka ta ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Tsohon itace ba ya rasa magani, in ji ta. In yi bisimilla in sassaƙo ɓawonsa ta gabas, in tafasa in yi sirace. Na ce mata nan fa babu maɗaci babu marke.

"Itace ai itace ne," ta ce. "Wanda ya yi na nan shi ya yi na can."

Ban gaya wa maigidan ba. Na ɗauki wuƙar yanka albasa na tura ƙarƙashin nafkin a jakar yarinya.

Mai yi mana jagora wani dattijo ne ɗan ƙasar, da takalmin roba har gwiwa, muna ce masa Pak Cik, wato kawu. Ya raba mana dogayen safa saboda matsattsaku, muka bi shi da takunkumanmu, ni da goyo. Ni da babbar bishiyata a duniya ita ce kukar bayan gidan kakanmu, sai ga ni ina ɗaga kai har ɗankwali na zamewa ban ga ƙarshen itace ba. Saiwoyinsu a tsaye kamar katanga. Gansakuka ta rufe komai, ruwa na ɗiga daga sama alhali ba ruwa ake yi ba, ga sanyi mai daɗi. Na yi sallama a gindin bishiyar farko, don ban san masu wurin ba. Na ji dattijon ma yana motsa baki, na ce ashe ba mu kaɗai ba ne.

Da muka iso wata ƙatuwa wadda ya ce ta girmi kakannin kakanninsa, sai na ja baya kamar ina gyara goyo. Rana ba ta shigowa wurin, sai da na buɗe waya na nemo gabas. Na yi bisimilla, na ɗora wuƙa.

"Tak boleh, lah."

Dattijon ne a bayana, wato ba a yi. Ko tafiyarsa ban ji ba. Maigidan ya juyo ya ga matarsa da wuƙar kicin a dajin gwamnati, ya rasa inda zai sa kansa. Ya shiga ba da haƙuri da guntun yarensu da ya iya, yana harara ta ta saman takunkumi. Ni ma zuciya ta ɗebe ni. Na ce ya daina wannan kame-kamen ya faɗa wa bawan Allahn nan gaskiya: wata huɗu ina goyon 'yar da ban san ƙamshinta ba, uwata ce ta aiko ni, kuma da itacen sarki ne ma sai na gwada.

Dattijon ya saurara har ƙarshe. Ya ce a dajin da ba ya bushewa, rauni kamar tafin hannu ya isa ruɓa ta shiga ta kashe itacen a tsaye. Na ji kunya, ba kaɗan ba. Ya karɓi wuƙar ya sa a aljihu, ya ce mu biyo shi.

A gindin wata doguwa mai santsi ya tsuguna ya tsinto ganyen da ya faɗo da kansa. Ya murje shi a tafinsa, ya yi mini alama in sauke takunkumi. Na shaƙa, shiru. Na sake, shiru. Har na fara cewa a bar shi kawai, ya ƙara murzawa ya miƙo. Sai wani abu siriri mai sanyi ya ratsa can saman hancina. Kafur! Akwatin zannuwan Umma sak. Ashe itacen kafur ne.

Ban san lokacin da na kwance goyon ba. Na cusa hanci a wuyanta. Kaɗan na ji, amma na ji: gumi da tumbuɗi. Maigidan ya ga ina hawaye ya tambaya ko lafiya.

"Tsami take yi," na ce.

Ko ganye ɗaya dattijon bai bari na fita da shi ba, sai a bakin ƙofa ya mayar mini da wuƙata. Muna shiga mota na kira Umma, lokacin hantsi ne a Kano. Na faɗa mata ban yanko komai ba, na ba ta labarin ganyen. Ta ce ai ta gaya mini itace ne maganin. Muka yi dariya.

Ita ma ba ta taɓa ɗaukar jikarta ba, a waya kawai take ganinta.

"To shinshina mini ita," ta ce. "Ki gaya mini yadda take."