Maiwada Likitan Bunsuru

Maiwada mutumin Mahuta ne, kuma bai taɓa riƙe wata sana'a ta shekara a hannunsa ba. Ya noma auduga, ciyawa ta cinye. Ya ja Keke Napep a Funtua, ya afka da shi cikin kwata. Wata rana ya ji a rediyo wai masana na gwada ruwan zogale don inganta maniyyin bunsuru. Ko ƙarshen shirin bai tsaya ji ba, ya naɗa kansa Dakta.

Ya dafa zogale da tafarnuwa da wasu saiwoyin da shi kansa bai san sunansu ba, ya ɗura wa bunsurun maƙwabciyarsa Hajiya Maijidda. Har rantsuwa ya yi mata cewa bana awakinta uku-uku za su haifa. Bunsuru ya wuni yana zawo, ko tsayuwa ya kasa.

"Malam Maiwada, ƙarfin ke nan?" in ji Hajiya.

"Dattin ciki ne ke fita, Hajiya. Ki bar shi zuwa jibi."

Kafin la'asar aka yanka bunsurun don kada ya yi mushe. Maiwada ko kunya babu, ya aiko a sam masa hanta, wai zai yi bincike. Har yau yana yawo da kwalabensa, sai dai ya koma ƙauyukan Malumfashi, inda ba su san halinsa ba.