Katin da na sauya wa Inna

A gidanmu na Gatawa katin asibiti ba na mutum ɗaya ba ne. Uku muke da su cikin gwangwanin madara, duk wanda ciwo ya kama sai ya zari ɗaya ya tafi Sabon Birni. Sunan da ke jiki bai taɓa damun kowa ba.

Da asibitin suka kawo kwamfuta, raina bai kwanta ba ko kaɗan. Ta tambayi garinku, ta tambayi sana'arka, har da lambar waya. Mu da 'yan bindiga ke sanin shanun mutum nawa tun kafin su iso, ina dalilin zuba sirrinmu a akwatin da ban san mai buɗe shi ba? Ma'aikaciyar jinya ta ce don tsaron lafiyar marasa lafiya ne. Na ce to, a baki kawai.

Da damina ƙafar Inna, mahaifiyata, ta ruru. Na kai ta da katin matar yayana. Aka yi mata allura, jikinta ya feso da ƙuraje, na ga ma'aikaciyar tana danne-danne. Na ce a raina, ga shi nan, an fara bin sawunmu.

Bayan watanni ciwon ya dawo. Ni mai wayo sai na ɗauki katin matata, don kada kwamfutar ta gane tsohuwar. Aka yi allura. Ko bakin ƙofa ba mu kai ba leɓen Inna ya kumbura, numfashinta ya koma kamar zuga-zugi. Aka kwashe ta a guje. Tsoron da na ji ranar, ko harbin bindiga bai taɓa sa ni jin irinsa ba.

Da ta farfaɗo, ma'aikaciyar ta tsare ni da tambaya har na faɗi gaskiya. Ta buɗe bayanan katin farko, ta juyo mini allon. Ga jan rubutu: kada a ƙara yi mata wannan allura.

"Malam, da wanga kati kunka zo da shi, ko kusa da allurar ba ni zuwa," ta ce.

Ranar aka buɗe wa Inna kati da sunanta. Har yau ban san wa ke leƙa kwamfutar nan ba, kuma ban daina zargi ba. Inna kuwa duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ce ɗanta ne ya cece ta, da ya tsaya kai da fata a asibiti. Ban taɓa iya gyara mata zancen ba.