Kibiyar Gwaggo

Shekara talatin da 'yan kai Gwaggo ta yi tana kitso a ƙofar ɗakinta, bisa wata 'yar kujera da ta ƙi yarda a sake mata. A wancan zamanin sai mace ta yi sammako take samun layi. Ga hannu, ga baki. Tana kitsa miki kai tana lissafa miki laifin mijinki, in kika motsa kuwa ki sha ranƙwashi, ko 'ya'yanki goma.

Sai ciwon gaɓoɓi ya shigo. Ya fara da babban yatsa, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya har suka lanƙwashe. Likita ya ce ba ya warkewa, sai dai a lallaba. Kullum da safe sai ta jiƙa hannuwan a ruwan ɗumi kafin su yarda su buɗe. Mata suka fara zamewa, kowace da uzurinta, wannan ciwon kai, waccan ta yi baƙi. Aka wayi gari kai ɗaya ya rage mata, na Auta, 'yar ƙaninta, malamar makaranta, wadda ta soma yi wa kitso tun gashin bai isa kamu ba.

Auta ta daure shekara guda. Kitson awa ɗaya ya koma cin yini, wuyanta ya ƙage, tana jin Gwaggo na cije baki duk sanda ta ja gashi, bayan kwana uku kuma ya warware. Wata Asabar sai ta wuce ƙofar gidan kanta a sunkuye, ta faɗa shagon wata mai kitso a bakin titi. Minti arba'in aka gama. Ya yi kyau, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Ta ce wa zuciyarta tausayi ne, hutar da tsohuwa take yi. Ƙarya ce, kuma ta sani. Gajiya ta yi. Tun daga ranar, in za ta gaida Gwaggo sai ta ɗaure ɗankwali tamau har bisa gira.

"Yaushe za ki kawo min kan nan?" Gwaggo kan tambaya.

"Sai an yi hutu, Gwaggo. Aiki ya yi min yawa."

Ita kuwa tsohuwar kowace Asabar sai ta fito da kujera, ta goge kibiyar tsagar kitsonta da mai, ko da za a zo.

Rannan Auta na durƙushe tana shafa mata magani a gwiwa, Gwaggo ta dafa kanta za ta miƙe. Hannun ya tsaya. Yatsun nan karkatattu suka bi layin kitson ta saman ɗankwali, daga goshi har ƙeya. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Tana ja da yawa," in ji Gwaggo. "Ki ce ta sassauta a gaban goshi, in ba sanƙo kike so ba. Amma tsagarta ta miƙe, ba laifi."

"Gwaggo, wallahi ni..."

"Da me take tsagawa? Wannan matajin roba?" Ta lalubo kibiyar daga ƙarƙashin matashi, ta danƙa mata. "Ungo, kai mata. Ba ta cizon fata."

"Asabar zan zo, ki yi min da kanki."

"Allah ya kai mu," in ji Gwaggo.

Asabar da sassafe Auta ta zo, kanta a tsefe, kibiyar a jakarta. Ƙofar ɗakin a share, babu kujera. Ta leƙa ciki ta hango kujerar a gefen gado, Gwaggo ta jera kwalaben magani a kai.